Kamun Kifin Nishaɗi a Teku: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyin da Ya Taso daga Nijar

Ƙasarmu ba ta da bakin teku, kuma daga Yamai sai mutum ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya taka yashin gaɓar Kwatano. Duk da haka 'yan Nijar da yawa suna isa ruwan gishiri kowace shekara: 'yan kasuwar da ke jiran kayansu a tashar Lome, ɗalibanmu na Dakar da Abijan, ma'aikatan da ake turawa taro, da masu ziyartar 'yan uwa a Faransa ko Amurka. A cikinsu akwai waɗanda suka tashi da fatsa a hannu, a bakin kogi wajen Gamkalle ko Gaya, ko a tafkin Tabalak na jihar Tahoua, kuma da zarar sun ga teku sai hannu ya soma ƙaiƙayi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan 'yan uwa suka fi yi mini, na tattara su wuri guda domin kada sha'awa ta kai wani ga biyan tara a ƙasar da ba shi da kowa.

Mene ne kamun kifin nishaɗi, kuma me ya raba shi da su na sana'a?

A idon doka, abin da ya raba su shi ne inda kifin zai ƙare. Masunci yana kamawa ne domin ya sayar ya ciyar da iyali, shi kuwa mai kamun nishaɗi yana yi ne domin jin daɗi, abin da ya samu kuma na tukunyar gidansa ne, ko ya mayar da shi ruwa. Saboda wannan bambanci kusan kowace ƙasa mai teku ta ware wa kowane ɓangare dokarsa, da irin kayan aikin da aka yarda masa, da yawan abin da zai fita da shi daga ruwa. Baƙon da ya shiga da bizar yawon buɗe ido ko ta karatu yana cikin rukuni na biyu, ko da a gida shi ɗan Sorkawa ne da ya gaji su kaka da kakanni.

Ai teku ba ta kowa ba ce. Wa ya ba wata ƙasa ikon hana ni jefa ƙugiya a cikinta?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji, kuma na fahimci inda ta fito, domin wanda ya saba ganin ƙetaren kogi daga inda yake tsaye, in ya ga ruwan da ba shi da ƙetare sai ya ɗauka ba shi da mai shi. Amma ko a wurinmu ruwa bai taɓa zama marar shugaba ba. Akwai sarkin ruwa, akwai gurbin da ba a shiga sai ranar da aka buɗe shi, akwai kuma ma'aikatan kula da ruwa da dazuzzuka da suke ƙwace kalli mai ƙananan idanu. Abin da ƙasashen bakin teku suke yi ke nan, sai dai nasu a rubuce yake, kuma suna da jiragen sintiri.

Tushen ikon nasu shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a ƙasar Jamaika a 1982. Ta ba kowace ƙasa mai gaɓa cikakken iko a kan mil 12 na teku daga bakin ruwa, sannan ta ba ta ikon mallakar kifi da sauran albarkatu har zuwa mil 200. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, saboda haka mil 200 ya kai kilomita 370, nisan da jirgin da baƙo zai yi haya na yini ɗaya ba zai wuce shi ba. Nijar ta amince da wannan yarjejeniya a 2013. Gaskiya ne cewa a cikinta an tanadar wa ƙasashen da ba su da teku haƙƙin samun rabo daga rarar kifin maƙwabtansu, amma wannan magana ce ta gwamnati da gwamnati, ta hanyar wata yarjejeniyar daban, ba hujja ce da mutum ɗaya zai kare kansa da ita a gaban jami'in sintiri ba.

Shin dole ne in mallaki takardar izini?

Ya danganta da ƙasar, wani lokaci ma da jihar da ke cikin ƙasar, kuma a nan ne baƙi suka fi yin kuskure, domin suna ɗaukar abin da suka gani a wuri ɗaya su kai shi wani.

A jihar Filorida ta Amurka, duk baƙon da ya kai shekara 16 sai ya sayi izinin kamun kifin teku, ko da a tsaye yake a kan yashi, kuma akwai na kwana 3, na kwana 7 da na shekara guda. Wasu kifaye, kamar wanda suke kira sunuk, suna buƙatar ƙarin izini a kan na farko. A Sipaniya da Fotugal ma sai da izini, haka kuma a Afirka ta Kudu, inda dokar albarkatun teku ta 1998 ta wajabta shi. A Meziko tsarin ya sha bamban: mai kamu daga gaɓa ba ya buƙatar takarda, amma duk wanda ke cikin jirgin da ke ɗauke da kayan kamu sai ya mallaki tasa, ko da rakiya kawai ya yi. Faransa ta daɗe ba ta neman izini ga mai fatsa a teku, alhali tana nemansa ga mai kamu a koguna da tafkuna, sai dai daga 2026 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu neman wasu nau'o'in kifi su yi rajista kuma su riƙa bayyana abin da suka kama ta manhajar waya. A Senegal dokar kamun kifin teku ta 2015 ce ke aiki, a Benin kuma ta 2014, kuma wurin da ya dace a tambaya shi ne ofishin ma'aikatar kamun kifi da ke kusa da tashar da za a tashi.

Shawarata ita ce mutum ya ɗauka cewa ana buƙatar izini, har sai hukumar wurin da kanta ta gaya masa akasin haka. Maganar ma'aikacin otel ko direban tasi ba ta isa ba, ko da da kyakkyawar niyya suka faɗa.

Ina da izinin kamun kifi na nan gida. Zai yi mini aiki a can?

Ba zai yi ba. Takardar da hukumomin Nijar suka bayar ikonta ya tsaya a ruwayen Nijar.

Idan na yi hayar jirgi mai matuƙi, ba shi ne zai ɗauki nauyin takardu ba?

A wasu wuraren haka ne. A Filorida, jirgin hayar da ke da lasisinsa yana rufe fasinjojinsa, ba sai kowa ya sayi nasa ba. A Meziko kuwa, kamar yadda na ambata, kowane mutum da takardarsa, ko da yake masu jirage da yawa sukan saya wa baƙinsu su haɗa kuɗin a cikin na haya. Abin da ya wajaba shi ne ka nemi ganin takardar da idonka kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami a wani gari na gaɓar Afirka ta Yamma. Mai jirgin ya karɓe mu da fara'a, da na tambaye shi takardu sai ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, kowa ya san ni a ruwan nan." Na ji nauyin in matsa masa, kasancewarsa dattijo. Ba mu yi awa biyu a ruwa ba jirgin sintiri ya tsayar da mu, aka tarar izininsa ya ƙare tun watannin baya, aka juyo da mu tasha, muka wuni a ofis ana rubuta bayani, kuɗin hayar kuma bai dawo ba. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne da na duba jirgin da kyau sai na ga rigunan ceto biyu ne kacal, mu kuwa mu biyar ne. Tun ranar nake neman abu uku kafin in hau: izinin jirgi, rigar ceto ta kowane mutum, da na'urar kiran gaɓa. Matuƙin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Mece ce iyakar kamu, kuma yaya ake lissafa ta?

Iyakar kamu ita ce adadin kifin da aka yarda mutum ɗaya ya riƙe a yini ɗaya. Wasu ƙasashen da ƙidaya suke yi, wasu da nauyi. A Afirka ta Kudu jimillar abin da mai izini zai riƙe a yini kifi 10 ne, kuma a cikin goman akwai nau'o'in da ba a wuce ɗaya ko biyu. A Meziko ma 10 ne, amma kada nau'i ɗaya ya wuce 5, kuma babban kifi irin malin, mai dogon baki kamar mashi, guda ɗaya tak aka yarda, ana lissafa shi a matsayin 5. A Sipaniya ƙa'idar gama-gari ita ce kilo 5 ga kowace takardar izini a yini, a Fotugal kuma kilo 10, ba tare da lissafa kifin da ya fi girma ba.

Akwai ƙananan sharuɗɗa guda uku da ya kamata a riƙe. Na farko, iyakar ta yini ce, ba ta fita ɗaya ba, don haka wanda ya cika rabonsa da safe ba zai koma da la'asar ya sake sabon lissafi ba. Na biyu, ban da iyakar mutum akwai iyakar jirgi a kan wasu kifaye, ta yadda ko mutum shida ne a ciki, abin da jirgin zai sauke ba zai wuce adadin da aka yanka ba. Na uku, ba a musanya: idan ka riga ka jefa kifi a cikin ƙanƙara, sannan ka kama wanda ya fi shi, zubar da mataccen domin ka riƙe babban ɓarna ce tsagwaronta, kuma wurare da dama sun hana ta. Waɗannan alƙaluma suna canzawa, wasu ma kowace shekara, saboda haka a duba na shekarar da ake ciki kafin a fita.

Da gaske ƙugiyar mutum ɗaya za ta rage wa teku wani abu?

Ƙugiya ɗaya ba za ta rage ba, amma masu kamun nishaɗi a Amurka da Turai miliyoyi ne, kuma galibi manyan kifayen da ke kusa da gaɓa suke nema, waɗanda suke daɗewa kafin su balaga. Tarihi ya riga ya nuna cewa teku tana iya ƙarewa. A gabashin Kanada an shafe kusan shekara 500 ana kama kifin kod, har mutane suka ɗauka ba shi da iyaka, amma a 1992 dole gwamnati ta rufe kamunsa, mutane wajen 30,000 suka rasa aikin yi, kuma an kwashe shekaru da dama kifin bai koma yadda yake ba. Kusa da mu, kifin cof da mutanen Senegal suke alfahari da shi a cikin shinkafarsu ya yi ƙaranci har ya fi ƙarfin talaka. Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne, domin duk dattijon masuncin da ka zauna da shi a bakin kogi zai gaya maka irin giwan ruwan da ake fitarwa a ƙuruciyarsa, da irin wanda ake samu yau.

Akwai kuma batun adalci, wanda ni a wurina ya fi nauyi. Baƙo ya zo ne ya huta ya koma gida, masuncin Kayar ko na Lome kuwa gobe ma wannan ruwan ne abincin 'ya'yansa.

Na gane dalilin sakin ƙaramin kifi. Amma don me za a ce in saki babba?

Dokar ƙaramin kifi kowa ya san hikimarta: a bar shi ya yi ƙwai ko sau ɗaya kafin a ci shi. Shi ya sa a gaɓar Atlantika ta Faransa ba a riƙe kifin bar sai ya kai santimita 42, alhali a tekun Bahar Rum, inda yake balaga da wuri, santimita 30 ne ma'auninsa.

Dokar babban kifi ce take ba mutanenmu mamaki, domin a al'adarmu babban kamu shi ne abin yabo, kuma a bikin Argungu wanda ya fito da mafi nauyi shi ne gwarzo. A Filorida akwai kifayen da aka sa musu iyaka ta ƙasa da ta sama. Jan kifin da suke kira redfish, misali, ana riƙe shi ne kawai idan tsawonsa yana tsakanin inci 18 da 27, wato kamar santimita 46 zuwa 69, wanda ya wuce haka sai a mayar da shi. Dalili shi ne babbar mace ita ce rumbun ƙwai: yawan ƙwan da take zubarwa yana ƙaruwa fiye da ƙaruwar nauyinta, ta yadda uwa guda mai kilo 10 takan fi ƙanana biyar masu kilo bibbiyu amfani ga zuriyar. Makiyayi zai fi kowa gane wannan, domin ba ya kai saniyar da ta fi haihuwa mahauta. A dangin cof kuma akwai wani abin al'ajabi na halitta: kifin yakan fara rayuwa a matsayin mace, sai ya girma ya rikiɗe ya zama namiji, don haka idan aka kwashe manya, mazan ne aka kwashe.

Yaya ake auna tsawon kifi?

Ba awo ɗaya ba ne, kuma dokar kowane kifi takan faɗi wanda ake nufi. Akwai cikakken tsawo, daga bakin kifi a rufe zuwa ƙarshen wutsiya. Akwai awon da ke tsayawa a tsakiyar wutsiya, inda ta rabu biyu. Kifaye masu dogon baki kamar mashi kuwa ana auna su ne daga ƙarshen muƙamuƙin ƙasa, ba daga tsinin mashin ba. A shimfiɗa kifin a kan ma'auni mai jiƙe, kada a bi lanƙwasar jikinsa da tef sai inda doka ta ce a yi haka, kamar yadda Amurka take auna tuna. Wanda zai je Amurka ya riƙe cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan kifin yana kan gaɓar ma'auni har kana kokwanto, ka sake shi, domin kifi yakan ɗan tsuke bayan ya daɗe a cikin ƙanƙara, jami'i kuma abin da ya gani a tasha zai rubuta.

Akwai lokuta da wuraren da aka hana kamu gaba ɗaya?

Akwai. Ana rufe ruwa a lokacin da kifi yake taruwa domin yin ƙwai, lokacin da ya fi sauƙin kamuwa. Gana ta riƙa rufe kamun teku a watan Yuli daga 2021, Kodebuwa ta bi sahunta a 2023. A arewacin Faransa an saba hana riƙe kifin bar a Fabrairu da Maris.

Wuraren da aka killace su ne suka fi haɗari ga baƙo, domin babu shinge a kan ruwa. Senegal ta kafa irin waɗannan yankuna guda biyar a 2004, a Saint-Louis, Kayar, Joal-Fadiouth, Bamboung da Abene, ban da gandun tsibiran Madeleine da ake hangowa daga Dakar. A Muritaniya, gandun Banc d'Arguin da aka kafa a 1976 an bar wa al'ummar Imragen kamu a cikinsa da jiragensu marasa inji. Gabon ta killace kusan kashi 26 cikin 100 na ruwanta na teku a 2017. A Amurka kuma akwai wata iyakar da ba a gani: ruwan jihar Filorida ya tsaya a mil 3 a ɓangaren Atlantika da mil 9 a ɓangaren Tekun Meziko, daga nan sai dokar tarayya, kuma kifin da ya halatta a wannan gefe yana iya zama a rufe a wancan.

Manyan kifayen da ake gani a hotuna fa, irin su tuna da malin da tarfon?

Tuna da malin matafiya ne, suna ratsa ruwan ƙasashe da yawa, shi ya sa ake kula da su ta wata hukumar ƙasa da ƙasa mai suna ICCAT, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar 1966, hedkwatarta tana Madrid. Ga mai kamun nishaɗi, hukumar ta sa ƙaramin ma'aunin shuɗin malin a santimita 251, na farin malin a 168. Babban tuna mai shuɗin baya, a gabashin Atlantika da Bahar Rum, ba a riƙe shi sai ya kai kilo 30 ko santimita 115, guda ɗaya ga jirgi a yini, kuma a Faransa sai jirgin yana da izini na musamman da zoben da ake ɗaura wa wutsiyar kifin da zarar an ɗauko shi.

Tarfon kifin yankinmu na Afirka ta Yamma ne, kuma mafi nauyinsa da ƙungiyar IGFA, mai ajiye tarihin manyan kamun fatsa na duniya, ta rubuta a kundinta, kusan kilo 130, an kama shi ne a 2003 a tsibirin Rubane na Gini Bisau. A Filorida tun 2013 kamawa ake yi a saki, kuma wanda ya wuce inci 40 ba a ma fitar da shi daga ruwa domin ɗaukar hoto.

Waɗanne halittu ne ba a taɓawa ko kaɗan?

Kunkurun teku, kifi mai baki kamar zarto, da ayu suna cikin jeri na farko na yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wato an hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ayun da muka sani a koginmu yana rayuwa har a bakin teku, daga Senegal zuwa Angola, kuma an ɗaga shi zuwa wannan jeri a 2013. Kifayen shak da yawa ma sun shiga jeri na biyu, na waɗanda ake sa ido kan cinikinsu, a 2019 da 2022. Wannan ya shafi tsaraba: ƙwaryar kunkuru ko baƙin zarton da wani zai tallata maka a bakin ruwa suna iya jawo maka tsarewa a filin jirgin sama. Idan kunkuru ya haɗiyi ƙugiyarka, kada ka ja shi sama da zaren, ka yanke zaren kusa da bakinsa gwargwadon iko, ka sanar da hukuma.

Zan iya amfani da birgi ko kalli ko mamari, kamar yadda muke yi a gida?

A mafi yawan wurare izinin nishaɗi na sanda da zare da ƙugiya ne. Norwe ta taƙaita baƙi ga kayan da ake riƙewa a hannu. Filorida ta haramta kalli a ruwanta tun 1995, ko da yake ta yarda da birgi domin kama ƙananan kifayen da ake maƙalawa a ƙugiya. Faransa ta yarda wa jirgin nishaɗi mamari biyu, kowanne kada ya wuce ƙugiya 30. Guba da nakiya kuwa laifi ne mai girma a ko'ina, kamar yadda suke a nan.

Kama kifi a sake shi ba wasa da rai ba ne? Kuma wanda aka saki yana rayuwa?

Wani malamin makaranta daga Tahoua ya taɓa yi mini wannan tambaya, kuma ban ɗauke ta da sauƙi ba, domin tarbiyyarmu ba ta yarda a wahalar da dabba haka kawai ba. Ra'ayina shi ne wanda ya fita domin ya samo na miya, ya mayar da abin da doka ta hana shi riƙewa, bai yi wasa da rai ba, ya dai bar wa gobe rabonta. Wanda na ƙi shi ne mutumin da zai gajiyar da kifi na awa guda da siririn zare domin burgewa, ya bar shi yana birgima a kan katako mai zafi ana ɗaukar hoto, sannan ya jefa shi ruwa ya ce ya sake shi.

Rayuwar kifin tana hannun mai sakinsa. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, domin santsin jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. Kada a sa yatsa a wurin numfashinsa. A yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda takan kama gefen baki maimakon ciki, idan kuma ya haɗiye ta a yanke zaren, kada a tona. Akwai kuma wata matsalar da ba mu cika haɗuwa da ita a kogi ba, ita ce ta zurfi. Kowane mita 10 na ruwa yana ƙara nauyi daidai da na iskar da ke kanmu, saboda haka kifin da aka jawo daga mita 30 iskar da ke cikin jakar iskarsa takan kumbura kusan ninki huɗu, idanunsa su firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki, ya kasa nutsewa. Maganin wannan shi ne wata 'yar na'ura mai nauyi da ake maƙala masa a baki, ta mayar da shi ƙasa ta sake shi a can. A ruwan tarayya na Tekun Meziko, a Janairun 2022 doka ta wajabta wa masu neman kifayen ƙasan duwatsu su riƙe wannan na'ura ko allurar fitar da iska a cikin jirgi.

Zan iya sayar da abin da na kama domin in rage kuɗin hayar jirgi?

A Faransa, Sipaniya, Norwe, Afirka ta Kudu da Amurka, sayar da kamun nishaɗi haramun ne ga baƙo, kuma mai gidan abincin da ya saya shi ma ya shiga laifi. Domin toshe wannan ƙofa ne Faransa ta wajabta tun 2011 a yanke ɓangaren ƙasa na wutsiyar wasu kifaye, irin su bar, kafin a sauke su, ta yadda duk wanda ya gan su a kasuwa zai san ba na sayarwa ba ne. Kyauta ga maigidan da ya sauke ka ba ta da laifi, muddin tana cikin iyakarka. A Filorida kuma kada ka yanka kifin da ke da ma'auni gunduwa-gunduwa a cikin ruwa, domin doka ta ce a iso da shi tasha da kansa da wutsiyarsa, yadda za a iya gane nau'insa a auna shi.

Me zai faru idan aka kama ni da laifi?

Mafi sauƙi shi ne tara da ƙwace kifi. Sama da haka akwai ƙwace kayan aiki, da gurfana gaban alƙali, abin da ke iya sa mutum ya rasa jirginsa na komawa gida, ya kuma bar tabo a takardunsa ranar da zai sake neman biza. Cewa kai baƙo ne ba ka sani ba, ba ya wanke ka. Idan an tsayar da kai ka nuna takardunka cikin ladabi, ka buɗe akwatin ƙanƙara, ka nemi rasit na duk abin da ka biya, kuma kada ka yi gigin miƙa na goro.

Zan iya zuwa da kifin gida Yamai ko Tahoua?

Akwai ƙofofi uku a gabanka: dokar ƙasar da za ka fita, ƙa'idar kamfanin jirgin sama, da duwan na inda za ka sauka. Norwe, alal misali, ta ƙayyade nauyin kifin da baƙo zai fita da shi, wanda a 2021 aka sa shi a kilo 18, kuma sai ga wanda ya yi kamunsa ta hannun masaukin da ke da rajista. Kamfanonin jiragen sama kowanne da sharaɗinsa a kan akwatin sanyi, don haka a tambaye su tun kafin ranar tafiya.

Batun lafiya ma yana nan. Tuna da danginsa idan ba su shiga ƙanƙara nan take ba, namansu yakan tara wani sinadari mai sa jiki ya yi ja, kai ya yi ciwo, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Wanda zai biyo hanyar mota daga Lome cikin zafin watan Afrilu, ya fi masa alheri ya sa a yi masa banda ko a gishirta kifin tun a gaɓa. A yankin Karibiyan da tsibiran Kanari kuma manyan kifaye masu cin 'yan uwansu, musamman barakuda a Karibiyan, sukan ɗauki wata guba mai suna siguwatera, wadda ba ta da wari ko ɗanɗano, wuta ba ta karya ta, ƙanƙara ma haka. A irin waɗannan wurare ka nuna wa masuntan garin kifin kafin ya shiga tukunya, wanda suka ce su ba sa cin sa, kai ma ka bar shi.